Gargaɗi: Kwalbar "ruwan farfaɗo da pil" da ake yawo da ita a Yamai

Jama'a, a yi hattara da wasu masu yawo a bakin kasuwanni da tashoshin mota na Yamai, suna sayar da ƴan kwalabe marasa tambari, jaka guda ko fiye. Cewa suke ɗigo biyu na wanke farin garin da pil ke zubarwa cikin radiyo, tocila ko telekomandi, har ya farfaɗo da pil ɗin da ya mutu. Ƙarya ce. Pil ɗin da ya yi yoyo ya gama aiki, sinadarin cikinsa ya fita, babu ruwan da zai maido shi.

Abin da ke cikin kwalbar iri biyu ne. Wata binegar ce aka sa mata launi, can asarar kuɗi kawai aka yi. Wata kuwa ruwan batirin mota ne aka sirka, kuma ita ce abin tsoro. A gabanka mai tallan zai ɗiga, garin ya yi kumfa, ƙarfen da pil ke taɓawa ya yi fes, ka ce ai magani ya ci. Amma wannan asid ba ya bin iska kamar binegar. Ruwan ne ke bushewa, shi ya zauna yana ƙara ƙarfi, ya ci resor, ƴar wayar nan mai murɗe, ya bi waya ya shiga cikin na'urar. Bayan ƴan kwanaki resor ɗin ya yi tsatsa, ka taɓa ya karye. Ga yadda ake bambanta su: binegar tana da warin tsami, asid ɗin batir kusan ba shi da wari, kuma in ya ɗiga a tsumman auduga ya bushe, sai ya huda shi. Kada a ɗanɗana, kada a gwada a fata.

Babbar alamar yaudarar ita ce cewar da suke yi wai ruwa ɗaya ya isa kowane batir. Ku duba jikin pil ɗin. In an rubuta LR6, LR03 ko LR20, alkalin ne. Abin da yake zubarwa ɗan'uwan toka ne mai ƙuna, potasiyom hidrokisid, wanda in ya haɗu da iska yake zama farin ɓawon nan. Maganinsa tsami mai sauƙi: farar binegar ko ruwan lemun tsami. In kuwa R6, R03 ko R20 aka rubuta ba L, shi ne pil mai arha na zinki, yoyonsa da ma mai tsami ne, bikarbonat, farin garin sodar nan da ake sa wa kek, ke kashe shi, rabin ƙaramin cokali a kwaɓa da ɗan ruwa.

A kashe na'urar, a sa safar hannu ko leda, a cire pil duka, har waɗanda ba su zuba ba. A kakkaɓe garin da tsohon buroshin haƙori kan takarda, kada a hura da baki, ido yake shiga. A jiƙa tsinken auduga kaɗan da binegar ko kwaɓin bikarbonat, gwargwadon irin pil ɗin, ba a tsiyaya ruwa cikin akwatin pil ba, a dangwala a ƙarfen, a jira minti ɗaya ko biyu kumfar ta kwanta, a goge. Sannan a bi da alkol 90 na farmasi don ya kwashe sauran tsamin da danshi. Nan mutane da yawa ke kuskure: su bar binegar a kan ƙarfe, gobe tsatsa ta fito, su ce dabarar ba ta ci ba. In ƙarfen ya yi baƙi a kankare shi a hankali har ya yi haske. A bar murfin a buɗe cikin inuwa awa biyu ko uku kafin a sa sabon pil.

Batirin sola ko na mota mai volt 12 daban ne. Babban cokali ɗaya na bikarbonat cikin kofin ruwa, a fara kwance kan da ke da alamar (−), a wanke, a bushe, a ɗaure, a shafa basilin. Kada ruwan ya shiga ramukan batirin. Batirin salula da ya kumbura kuwa ba a wanke shi, ba a huda shi, canzawa ake yi.

Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke wuce digiri 40, yana gaggauta yoyo, haka ma haɗa tsohon pil da sabo. Tocilar da aka ajiye don ɗaukewar wuta, a cire mata pil in za ta yi wata ba a kunna ba.

Wanda ya riga ya sayi kwalbar, ya nisanta ta daga yara, don wasu na kama da kwalbar maganin ido. In ruwan ya fantsama a ido ko fata, a wanke da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi likita da kwalbar a hannu.