Malamar ta burge ni, manhajarsu kuwa ta ɓata min rai

Na biya kuɗin zango ɗaya a wata makarantar intanet da ke koyar da yaren Lituweniya, irin wadda ake haɗa ka da malami ta bidiyo, a kuma ba ka manhajar yin atisaye. Aikina rubuta manhajojin kwamfuta ne, amma a lokacin hutu babu abin da nake so kamar lissafin gini: yadda gada ke ɗaukar nauyi, yawan rodin da ginshiƙi ke bukata.

Malamar da aka haɗa ni da ita, gaskiya, ta cancanci yabo. Da ta ji abin da nake sha'awa, sai ta ajiye darasin gaisuwa da cefane, ta kawo min labarin jarida kan tudun Gediminas da ke tsakiyar Vilnius, babban birnin Lituweniya, wanda ƙasarsa ta zaftare a 2016 da 2017, ga tsohuwar hasumiyar jan bulo a samansa. Muka bi shi layi-layi. A nan na koyi sunayen yumɓu, gangare da fandisho, muka kuma yi muhawara da ɗan guntun yaren da nake da shi kan ko sare bishiyoyin tudun ne ya jawo, kamar yadda wasu suka zarga, ko ruwan da ke jiƙa ƙasar. Daga baya ta kawo hasumiyar talabijin ta birnin, mai tsawon mita 326, wadda aka kammala a 1980: ƙasanta kankare, samanta ƙarfe. Ban taɓa jin daɗin darasi haka ba. A ranar da a ce an tambaye ni, tauraro biyar zan ba su.

To amma manhajar! A yaren nan kalmar suna ɗaya tana sauya ƙarshenta har hanya bakwai, ga haruffa tara masu alama irin su ę da ė da ų, dole mutum ya yi ta bita. Don haka duk kalmar da malamar ta ba ni nakan adana ta a manhajarsu, in sauke jerin, in zuba shi cikin wani ɗan shiri da na rubuta da yaren kwamfuta na Python, yana yi min tambayoyi kowace safiya. Kwatsam suka sabunta manhajar. Maɓallin saukewa ya ɓace, jerin kalmomina na gini kaf ya tafi, har da misalan da malamar ta gyara min da hannunta.

Na rubuta musu cikin ladabi. Amsar da ta dawo ita ce in goge manhajar in sake sakawa. Na sake bayani, har da hoton allon wayata, aka sake turo min wannan amsar, babu ko waƙafi da ya canza. Ni da nake wannan sana'a na san ba a taɓa bayanan mutane sai an ajiye kwafi, kuma ko ɗan koyo ya san haka. Ana cikin wannan kuma suka cire kuɗin sabon zango daga katina ba tare da sanarwa ba.

Kuɗin an dawo min da su bayan dogon ja-in-ja, kalmomin kuwa har yau shiru. Na rufe asusuna. Abin da ya fi yi min ciwo shi ne rabuwa da malamar, don dokarsu ta hana ta koyar da ɗalibansu a waje, ga shi mun tsaya a tsakiyar darasi kan gadar Mindaugas ta birnin Vilnius.