Gargaɗi kan masu tallan probiotic ga waɗanda aka yi wa aikin hanji

Jama'a don Allah a yi hattara. Akwai wasu da ke laɓewa a guruf ɗin marasa lafiya na Facebook da WhatsApp, da zarar ka rubuta cewa an yi wa wani naka tiyatar hanji sai ka ga saƙo ya shigo, wai Dakta ne, hotonsa da farar riga da abin awon ƙirji rataye a wuya. Kafso yake talla, probiotic, wai cikin sati ɗaya zai haɗe ɗinkin hanji, har yana cewa a ajiye antibayotik ɗin asibiti don yana kashe "ƙwayoyin kirki". Kuɗin wata uku zai ce ka tura tukuna, in ka cika tambaya ya yi bulokin ɗinka.

Shi probiotic ɗin gaskiya ne akwai shi, ƙwayoyin halitta ne masu rai irin su Lactobacillus da Bifidobacterium, kuma bincike ya nuna wasu nau'o'insa na rage kamuwa da cuta bayan aikin babban hanji, amma fa likita ne ke zaɓar nau'in da lokacin sha. Ba ya ɗinke hanji. Kuma maganar da suke yi wai in bai yi magani ba ai ba ya cutarwa, ƙarya ce tsagwaronta. A 2008 an fitar da sakamakon wani gwaji a ƙasar Holan kan masu tsananin kumburin fankiriyas (wata gaɓa ce a ciki da ke taimakawa wajen narkar da abinci), kashi 16 cikin ɗari na waɗanda aka ba probiotic suka rasu, waɗanda ba a ba su ba kashi 6. Saccharomyces boulardii kuwa, wani nau'in probiotic ɗin, yana iya shiga jinin mara lafiyan da aka saka wa layi (siririn bututun ƙarin ruwa da magani) a babbar jijiya.

Ku duba robar ma ku gani, ba cikakken sunan ƙwayar, ba adadin CFU (wato yawan ƙwayoyi masu rai da ke ciki), ranar lalacewa sitika ce aka manna a kan wata, ga shi ba wanda ya san zafin da ta sha a hanya, alhali zafi kashe su yake.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne in zazzaɓi ya taso, ciki ya kumbura, ga amai, sai mai tallan ya ce wai datti ne ke fita a ƙara kafso biyu. Wallahi wannan na iya zama ɗinki ne ke yoyo a ciki. Kar a tsaya tura masa saƙo, a ɗauki mara lafiya a koma wurin likitan da ya yi aikin nan take, a tafi da robar a nuna masa.