Gazpacho ta asali ko mai kankana?

Hajiya, kin tambaya a kan miyar sanyin nan da ake kira gazpacho: ta asali za ki fara gwadawa, ko mai kankana da ake yayi yanzu? Na yi duka biyun a gidana nan Jos.

Ta asalin daga Andalus take, kudancin Sifaniya, abincin manoma ce a lokacin zafi. Ba ta ganin wuta sam. Nunannen tumatir kilo 1, kokwamba ɗaya, koren tattasai ɗaya, ƙwayar tafarnuwa, burodin da ya kwana, man zaitun cokali 4, ruwan khal da gishiri. A markaɗa, a tace da rariya, a sa a firij awa 2. Kafin tumatir ya iso Turai daga nahiyar Amurka bayan 1492, da burodi, mai, tafarnuwa da khal ake yin ta, don haka kada ki raina burodin nan da man. Su ne ke ba ta kauri, su ne ke riƙe ciki. Kofi ɗaya da rana, sai la'asar ki tuna da abinci.

Mai kankana kuwa, rabin tumatirin ake cirewa a sa kankana, yawanci ba burodi, sai lemon tsami da na'a-na'a. Tana da zaƙi, tana kashe ƙishi, yara ma sun fi son ta. Amma tsararo ce, in ta ɗan zauna ruwa ya hau sama, kuma ba ta son kwana. Ta asali kuwa in ba a ɗauke wutar lantarki ba, washegari ma ta fi daɗi.

Ni dai ta asali nake ba ki shawara. Mu da ke da kasuwar kayan lambu ta Farin Gada, ga tumatir ja wur da kayan lambu sabon tsinka, asara ce mu rufe ɗanɗanonsu da zaƙin kankana. Mai kankanar ki bar ta sai zafin Maris, ko buɗa baki.

Kowacce za ki yi, ki wanke kayan sosai da ruwan gishiri ko khal tunda ɗanye za a sha. Kada ki jefa ƙanƙara a ciki, tsinka ta take yi. Kuma a kofi ake shan ta Hajiya, ba da tuwo ba, ki faɗa wa maigida tun kafin ya zauna.