Live Transcribe a ɗakin lakca, bayan semesta biyu ina amfani da ita

Ni dai sanƙarau ne ya tafi min da ji ina aji uku a sakandare, ina magana amma ba na ji, kuma maganar hannu ban ƙware ba tunda da girmana abin ya same ni. Da na shiga jami'a zaman lakca ya koma kallon baki kawai, malam na juyawa allo shikenan an bar ni a baya, sai an tashi in ari littafin ƙawata in kwafa.

Yayana ne ya sa min Live Transcribe a waya. Ta Google ce, kyauta ce a Android, tun 2019 ta fito kuma da haɗin gwiwar jami'ar kurame ta Gallaudet da ke Amurka aka yi ta. Mutum na magana tana rubutawa a fuskar waya nan take. Ranar farko da malam ya yi barkwanci na karanta na yi dariya tare da kowa ba sai an ba ni labari daga baya ba, wallahi sai da na yi hawaye.

Tana ajiye rubutun har kwana 3, sai in kwafe da daddare, na zuba mata kalmomin kwas ɗinmu masu wuya, na sa sunana yadda in an kira ni wayar za ta girgiza. A wajen aikin rukuni ma da ita nake bin hira.

Amma fa sai muryar ta iso wayar. Ajinmu cike yake maƙil ga fanka ga janareta ga surutu, daga bencin baya ba abin da za ki samu. Dole na sayi ƙaramin makirfo mara waya da ake maƙalawa a wuyan riga, yawancin malamai suna karɓa da hannu biyu Allah ya saka musu, amma akwai wanda ya ce shi ba za a naɗi muryarsa ba, har yau a kwas ɗinsa aron littafi nake. Ga kuɗin data, ga caji, pawa bank ba ya barin jakata.

Wanda ya tashi da maganar hannu kuma tafinta yake buƙata, kar a miƙa masa waya a ce an gama. Masu irin lalurata dai ku sauke ta, ku zauna layin gaba, ku samu malam a ofis tun satin farko ku nuna masa yadda take aiki.