Katin Cowry ko Tsabar Kuɗi: Abin da Mai Zirga-zirga a Legas Zai Duba Kafin Ya Zaɓa

Duk wanda ya sauka Legas daga Arewa, ko don fatauci ko don neman aiki, kuɗin mota ne ke fara cin aljihunsa, domin birni ne da mutum kan hau abin hawa biyu ko uku kafin ya isa inda ya nufa. Hanyoyin biyan wannan kuɗi sun kasu gida biyu. Akwai tsabar kuɗi da ake miƙa wa kwandastan danfo, wato ƙaramar bas ta haya, ko mai keke napep, akwai kuma katin Cowry, wanda aka fito da shi a shekarar 2020 a ƙarƙashin kulawar hukumar sufuri ta jihar Legas, wato LAMATA. Sunan katin ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe, saboda ma'anarsa wuri, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi, daga jam'insa ne ma muka samu kalmar kuɗi.

Babban amfanin katin shi ne cewa da shi kaɗai mutum zai hau manyan bas na BRT masu bin layinsu na musamman a titi, da jiragen ƙasa na cikin gari, da jiragen ruwa na gwamnatin jiha. Layin BRT na farko ya fara aiki a 2008 tsakanin Mile 12 da CMS da ke tsibirin Legas, daga baya aka kai shi Ikorodu, sannan a 2020 aka buɗe na Oshodi zuwa Abule Egba. Jirgin Blue Line ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumban 2023 daga Marina zuwa Mile 2, tazarar kilomita 13, shi kuwa Red Line ya biyo baya a watan Oktoban 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Saboda haka mazaunin Agege da ke zuwa Yaba kullum, ko ɗan kasuwar Mile 12 da ke da hulɗa a tsibirin Legas, bai kamata ya yi jinkirin mallakar katin ba, tun da a waɗannan motoci da jirage da kati ake shiga.

Farashin tafiya da kati a yanke yake, kuma a ganina wannan ya fi komai muhimmanci. Wanda ya taɓa tsayawa a Oshodi da yamma ana tsuga ruwa ya san yadda kwandasta ke ninka kuɗi cikin ɗan lokaci, da yadda yake haɗa fasinja biyu da ba su san juna ba da takardar kuɗi guda, su je su nemi canji da kansu. Haka nan idan gwamnati ta yi rangwame, kamar rabin kuɗi da ta rage a watan Agustan 2023 bayan cire tallafin man fetur, masu hawa motocinta da kati ne suka fi ganin sauƙin kai tsaye. A farkon shekarar 2023 ma, lokacin da takardun naira suka yi ƙaranci, masu kati sun sha wahala kaɗan idan aka kwatanta da sauran jama'a.

Sai dai a fahimci cewa abin da katin ya haɗe shi ne hanyar biya, kuɗin tafiyar kuwa yana nan a rarrabe. Wanda ya sauka daga jirgi ya shiga bas zai sake biya. A Landan, alal misali, tun 2016 fasinja na iya sauya bas cikin awa guda ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma akwai iyakar abin da za a cire masa a rana. Mai lissafin kuɗin wata a Legas kuwa sai ya tara kuɗin kowane zango daban, har da na keken da zai kai shi tasha.

A nan ne tsabar kuɗi take da ƙarfinta. Danfo yana shiga lungunan da BRT ba ta zuwa, ba ya buƙatar dogon layi, kuma ya fi dacewa da mai buhun albasa ko kwandon tumatir. Acaba ba abin dogaro ba ne kamar da, domin tun watan Yunin 2022 aka hana shi a ƙananan hukumomi irin su Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa. 'Yan kasuwar Alaba Rago da ke Ojo su lura sosai: tashar Alaba da ke kan Blue Line ta Suru Alaba ce, kafin Mile 2, don haka wanda ya nufi Ojo sai ya ƙarasa da mota. Motocin Bolt da Uber, waɗanda ake kira ta manhajar waya, sun fi tsada nesa ba kusa ba, amma ga baƙon da ya iso da dare da iyali da kaya, tsadar tana da hujja.

Wanda ya yanke shawarar sayen katin ya karɓe shi a tashar BRT ko ta jirgi, daga hannun ma'aikatan wurin. Ana zuba masa kuɗi a wurinsu ko ta manhajar waya, kuma ga wanda bai saba da manhaja ba, zubawa a tasha ya fi kwanciyar hankali, muddin ya duba adadin da ya shiga kafin ya bar wurin. Kuɗin mako guda ya isa a zuba a lokaci ɗaya, saboda kati abu ne mai saurin ɓacewa a cunkoso. A cikin bas kuma ana ɗora katin a kan na'ura lokacin shiga, a sake ɗorawa lokacin sauka, domin wanda ya manta na biyun ana iya cire masa kuɗin zuwa tashar ƙarshe ko da rabin hanya ya tsaya.