Yaya, ga labarin motar yawon bakin teku da ka tambaya

Assalamu alaikum Yaya, ina fatan kana lafiya, ya su Umma da yara, ya kuma hanya. Ka ce in yi maka bayani dalla-dalla kan hotunan da na tura gurup ɗin gida ranar Asabar, musamman ita motar da yadda suke gudanar da sana'ar tunda kai ma harkarka kenan. To yau ba ni da aikin dare, bari in zauna in rubuta maka yadda na gani da idona.

Ka san shekara biyu kenan ina Belfast, babban birnin Ailan ta Arewa, amma daga gidan kula da tsofaffin da nake aiki sai ɗaki sai masallaci ran Juma'a, ban taɓa zuwa bakin tekun arewa ba duk da kowa maganarsa yake. Iri biyu ne masu kai mutane. Akwai manyan bas masu ɗaukar mutum hamsin ko fiye, sun fi araha, sai kuma ƙananan masu kujera 16, tsawonsu ya ɗan fi Hiace ɗinka kuma ana iya miƙewa tsaye a ciki. Ni ƙaramar na biya, kuɗinta ya kusa ninka na babbar, gaskiya sai da na yi ta juya abin a raina kafin in danna, don kuɗin aikin rabin yini ne cur. A waya na biya da kati, nan take rasit ya shigo, ana gobe tafiya kuma suka turo saƙo ga inda za a haɗu, ga lokaci, ga yadda garin zai kasance, a zo da rigar ruwa da takalmi mai kama ƙasa. Har sun rubuta cewa in mutum ya fasa kafin awa 24 za a mayar masa da kuɗinsa.

Abin da ya fara tsaya min a rai shi ne tashin motar. An ce takwas da rabi, mu 11 ne kawai, kujera biyar babu kowa, amma takwas da rabi na cika ya ja ƙofa ya tayar. Babu jiran lodi, babu ɗan kamasho, babu kwandasta, babu matsa ka gyara a sa na huɗu. Na tuna ranar da muka zauna a tasha tun bayan asuba har hantsi ya dubi ludayi muna jiran mutum biyu, kai kanka kana ta ba fasinjoji haƙuri alhali ba laifinka ba ne, in ka tashi a haka kuɗin mai ma ba zai fita ba. Su a nan sun riga sun karɓi kuɗin tun kafin ranar, direba ya san abin da ya shigo kafin ya murɗa makulli, shi ya sa zai iya cika alkawarin lokaci. Wannan na ga shi ne ƙashin bayan sana'ar gaba ɗaya.

Direban shi ne jagoran, dattijo ne ɗan yankin, da 'yar makirufo a gefen baki, yana tuƙi yana ba da labari. Kafin mu fita gari ya tambayi kowa sunansa da ƙasarsa, ya tabbatar kowa ya ɗaura bel, kuma har muka dawo da sunana yake kirana. Bai bi babbar hanya ta cikin ƙasa ba wadda awa ɗaya da 'yan mintuna za ta kai ka, ya bi ta Larne ya hau titin gaɓar Antrim. Yaya titin nan abin kallo ne, teku a damanka kamar ka miƙa hannu ka taɓa, dutse a hagunka tsaye kamar katanga, ƙasansa fari kamar alli samansa baƙi. Yace wani injiniya William Bald ne ya gina shi tsakanin 1832 da 1842, da nakiya suka riƙa fasa dutsen suna zubo shi bakin ruwa suna shimfiɗa hanya a kai, kafin nan mutanen kwarurruka tara da ke wannan gaɓar ya fi musu sauƙi su shiga kwalekwale su haye Sikotlan da su je cikin ƙasarsu. Mun tsaya a Carnlough minti ashirin aka shiga ban ɗaki aka sha shayi.

Inda na gane amfanin ƙaramar mota shi ne da ya saki titin ya hau wata siririyar hanya zuwa Torr Head, hawa da gangara da kwana kamar hawan Kibo amma faɗinta mota ɗaya, in kun haɗu da wani sai ɗaya ya ja baya. Babbar bas ba ta shiga wurin sam. Daga can Sikotlan mil 13 ce kacal, ranar garin ya ɗan washe muka hango ta ƙuru-ƙuru a tsallaken ruwa. Wata mata a bayana kanta ya fara juyawa saboda kwane-kwanen, ya tsaya ya ba ta leda da ruwa ya dawo da ita kujerar gaba, bai nuna ƙosawa ba ko kaɗan.

Sai gadar igiya ta Carrick-a-Rede. Masunta ne suka fara ɗaura ta a 1755 don su riƙa haye wa wani ɗan tsibiri suna shimfiɗa taru wa kifin salmon, tsawonta mita 20 ne, daga kanta zuwa ruwa kusan mita 30. Yanzu ba a kamun kifin, ƙungiyar National Trust mai adana wuraren tarihi ce ke kula da wurin. Tikitinta daban ne ba ya cikin kuɗin mota, kuma tun a waya sun faɗi haka ƙarara, ba wai sai ka je a ce maka kawo wani abu ba. Akwai ma'aikaci a bakin gadar yana ƙirga mutane, takwas-takwas ake hawa, in iska ta yi ƙarfi su rufe ko da kuwa layi ya kai ina, ba wanda zai roƙa ko ya miƙa na goro a buɗe masa. Na haye ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, gadar na lilo, ruwan a ƙasa kore shar yana dukan dutse yana kumfa. Wallahi na daɗe ban ji ƙanƙantar ɗan Adam irin ta wannan lokacin ba.

Abinci kam gida ya fi su nesa ba kusa ba, wannan ko a gaban wa zan faɗa. A Ballycastle muka ci, kifi da soyayyen dankali, kuɗin da zai ciyar da gidanmu gaba ɗaya tuwo da miyar kuka har da nama, kuma ba yaji ba komai sai gishiri da ruwan tsami. Sannan dole ka tambaya, don wasu suna kwaɓa fulawar kifin da giya wasu kuma da kitsen saniya suke suya wanda ba ka san yankanta ba. Direban ne ya shiga da ni ya tambayar min, suka ce man gyaɗa irin na ganye ne kuma ba giya, sannan na ci. Ruwan sha saye, shayi saye, ba wanda zai ce maka bismillah ko sannu da hanya ga ruwa. Ban ɗakinsu tsaf-tsaf amma babu buta, kullum da gorar ruwa nake yawo. Da nace masa zan yi sallah ya nuna min wani lungu mai ciyawa bayan wurin ajiye motoci, na duba alƙibla a waya na haɗa azahar da la'asar ƙasaru, ya jira ni bai ce uffan ba. A Bushmills inda suke da tsohon kamfanin barasa ya tambaya wa ke son tsayawa, mutum huɗu suka sauka minti goma sha biyar, mu muka zauna. Hoton kamfanin ma yana jikin wasu takardun kuɗin nan, don a Ailan ta Arewa bankuna ne ke buga nasu fam ɗin, in ka kai shi Ingila wasu masu shago har juya shi suke suna ƙin karɓa.

To sai babban wurin, Giant's Causeway, wato hanyar samudawa. Nan ne mutumin ya gama saye ni. Kafin mu sauka yace ku sani duwatsun nan kyauta ne, hanyar ta jama'a ce, abin da ake biya shi ne shiga ginin baƙi da na'urar bayani, wanda yake so ya biya wanda ba ya so ga hanya nan ta gefe ku gangara. Ka duba fa, da ya yi shiru duk da mun biya ba wanda zai sani. Gangarar kamar kilomita ɗaya ce, akwai 'yar bas ga tsofaffi da masu ciwon ƙafa.

Duwatsun kusan 40,000 ne, a jere a manne da juna kamar saƙar zuma, yawancinsu kusurwa shida, wasu ka taka su kamar matakala wasu sun yi sama har mita 12, sai ka rantse magini ne ya yanka su da ma'auni. Tatsuniyarsu ta ce wani basamude Finn McCool ne ya shimfiɗa su don ya haye ya yi faɗa da basamuden Sikotlan, da ya hango girman abokin faɗan sai ya gudo gida matarsa ta naɗe shi a zani kamar jariri, shi kuma wancan da ya zo ya ga jaririn yace in ɗan kenan to ina ga uban, ya juya da gudu yana rushe hanyar a bayansa. Kamar dai Gizo da Ƙoƙi, har yaran Turawan da ke motar suna ta dariya. Daga nan ya ba mu na ilimi, aman wuta ne shekara miliyan 50 zuwa 60 da suka wuce, narkakken dutse ya kwanta ya huce a hankali yana tsagewa kamar yadda laka ke tsagewa a fadama in rani ya yi, tsagar ta yi ta nitsewa ƙasa ta zama ginshiƙai. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1986. Ni dai na zauna a kan ɗaya ruwa na fesowa ina ta subhanallah. Kuma ka san irin duwatsun nan akwai su a Kahwang ta ƙaramar hukumar Riyom a Filato, hanyar da kake wucewa kusa da ita, amma mutum nawa ne a tasha suka taɓa jin sunan.

Abin da bai min daɗi ba, awa ɗaya da rabi kawai ya ba mu a wurin, ban samu na hau wata matakala mai hawa 162 zuwa saman dutsen ba, ga ruwan sama da ya sauko a kwance saboda iska, lema ba ta da amfani. Kayan tsaraba kuma tsada ba gaira ba dalili. A Dunluce hoto kawai muka tsaya muka ɗauka daga nesa, kangon wata tsohuwar fada ce a kan gaɓar dutse, a kusa da nan jirgin yaƙin Sifaniya Girona ya nitse a 1588 da mutum kusan 1,300, zinaren da aka tsamo yana gidan tarihi na Ulster a nan Belfast kuma shiga kyauta ne. Ƙarfe shida da rabi muka dawo rana na nan tsaye, don a tsakiyar lokacin zafi sai wajen goma take faɗuwa, da sanyi kuwa ƙarfe huɗu duhu ya yi.

Tun a hanyar dawowa kai nake tunani Yaya. Motarka ta isa, in ka cire layin ƙari ka bar kowa da kujerarsa. Dala, Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata, Kurmi, duk yini ɗaya ne, wata ranar kuma Daura a ga rijiyar Kusugu da fada a dawo kafin magariba. Labari kuwa ai ba a gaya maka, na sha jin yadda kake riƙe fasinja da hira tun daga Kano har Jos. Na san akwai maganar tsaro da shingayen hanya da tsadar mai, su nan ba su da wannan damuwar, shi ya sa nake ganin a fara da cikin birni da inda ka tabbatar da lafiyar hanyarsa. 'Yan makaranta, masu zuwa biki daga Legas da Abuja, da irinmu da ke dawowa hutu da yaran da ba su san gida ba, duk za su biya in sun san ƙarfe takwas ɗinka takwas ne kuma kuɗin da ka faɗa shi ne kuɗin. A karɓa ta tiransifa tun ana jibi, a haɗa da abincin rana mai kyau wanda su nan ba su iya ba.

Zan turo maka hoton saƙon da suka aiko min da na cikin motar ka ga yadda suka jera kujerun, sai in fassara maka. In ka ga abin zai yiwu ka gaya min nawa gyaran kujeru da na'urar sanyi zai ci, in sha Allah ƙarshen wata zan ga abin da zan iya. Ka gaida Umma ka ce mata man zafin da ta ce yana nan na saya, ina jiran mai tahowa.