Wace na'urar hangen nesa za ka saya don bibiyar duwatsun sama?

Masu sa ido kan duwatsun da ke giftawa kusa da duniya ba sa karɓar "na gani da idona". Abin da cibiyar Minor Planet Center ta Amurka, wadda ke tattara bayanan waɗannan duwatsu, take so shi ne awo: inda dutsen yake da daidai lokacin da aka ɗauki hotonsa. Saboda haka ka duba faɗin madubi da kyamara, ka bar ninkin girman da ake zuzutawa a jikin kwali.

Na'urar da ake kira Dobsonian mai madubi inci 8 ta fi kowace arha idan aka duba girmanta. Za ta nuna maka manyan duwatsun sama irin su Vesta da Ceres, amma da hannu ake tura ta, ba ta bin tafiyar taurari, ɗaukar hoto da ita kuwa jan aiki ne. Ta kallo ce kawai.

Seestar S50 ta kamfanin ZWO, mai gilashi milimita 50, ta fito a kan dala 500 ko kusa da haka. Da waya ake sarrafa ta, batirinta na ciki, kuma a rufe take, abin da mai fama da ƙurar hunturu zai yaba. Ƙanƙantarta ce cikas: duwatsu masu dishi-dishi, waɗanda su ne abin damuwar, galibi sun fi ƙarfinta.

Ita kuwa eVscope ta Unistellar, mai madubi milimita 114, kuɗinta ya ninka na Seestar sau da yawa, kuma bakinta a buɗe yake, sai da tattali. Abin da kake saya a nan shi ne shiga ayari, domin kamfanin na aiki da cibiyar binciken sararin samaniya ta SETI, ana sanar da kai abin da za ka duba, ka tura hotunanka. Lokacin da kumbon DART na NASA ya daki dutsen Dimorphos ranar 26 ga Satumba 2022, masu irin wannan na'ura a Kenya da tsibirin Réunion sun kama haskensa yana ƙaruwa, sakamakon ya fito a mujallar Nature a 2023. Mai son aikinsa ya shiga lissafi, in aljihu ya yarda, ita zan ce ya ɗauka.

Idan kuma don ganin dutsen da ake kira Apophis ne, riƙe kuɗinka. Ranar 13 ga Afrilu 2029 zai wuce kimanin kilomita 32,000 daga doron ƙasa, kuma daga Afirka ido ma ya isa a gan shi, in dai sama ta washe.